Arzika da Kogin da Rairayi Ya Binne

A can arewa, inda ƙasar noma ke ƙarewa rairayi ya karɓa, akwai wani gari da ake kira Tungar Marke. Mutanen garin ba su sani ba, amma tun kafin kakanninsu su kafa bukkar farko, a kan wani kogi suke zaune. Kogi ne babba, rairayi ya binne shi da ransa. A bakinsa kuma akwai birni mai ƙofofi da fada, wanda ba don 'yan Adam aka gina shi ba.

Wanda ya fara ganin alamar kogin nan shi ne Arzika, ɗan garin, wanda ya yi karatu mai zurfi a kan abin da ke cikin ƙasa har ana ce masa Dakta. A wurin aikinsu a jami'a aka kawo musu hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama, irin hoton nan da ke ratsa rairayi ya nuna abin da ke kwance a ƙarƙashi. Yana dubawa sai ya ga wani baƙin zare ya taso daga duwatsun arewa, yana lanƙwasa kamar maciji, ya bi ta ƙarƙashin garinsu daidai. Abokan aikinsa suka yi ta murna wai an gano tsohon kogi. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya san rijiyoyin Tungar Marke sun ƙafe ɗaya bayan ɗaya, tankar da ke kai musu ruwa ta daina zuwa, mutane sun fara ɗaure kaya. Ya kuma san mutum ɗaya da ba za ta ɗaure nata ba ko ƙishirwa za ta kashe ta, wato mahaifiyarsa, Inna Tabawa.

Ya loda na'urorinsa a mota ya kama hanya.

Ya tarar da rabin gari ya zama kango. Inna tana zaune a inuwar rumbu tana tsince gero, ƙanenta Kawu Jatau yana gefe yana gyaran igiya. Arzika ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa a gajarce, idonta a kan faifai. Shi ne ɗanta na fari, kuma tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta sunan ba. Kakarsa ce ta raine shi. In Inna tana da magana da shi, sai ta bi da ita ta kan wani.

Ta ce, "Jatau, tambayi baƙon birni ko ya sha ruwa a hanya, don nan babu na ba shi."

Kawu Jatau ya ce, "Haba Yaya, ga shi a gabanki da kunnuwansa biyu, sai ni za ki mayar ɗan aike da furfurata?"

Arzika ya ce, "Inna, na zo neman ruwa ne. In Allah bai sa an samu ba, sai mu tafi tare."

"Jatau, gaya masa nan aka binne mai gidan nan, nan aka binne uwata. Masu tafiya Allah ya kai su lafiya. Ni ƙafata ta gama tafiya."

Tana faɗa tana tura wani ƙaramin kwano da gefen ƙafarta, a hankali, har ya iso gabansa. Ruwa ne ja, bai kai rabin kwanon ba. Bai tambaya ba, ya san shi ne nata na yinin. Ya kurɓa kaɗan don kada ya ɓata mata, ya tashi ya fita.

A bayan gari akwai wata tsohuwar rijiya da ake kira Kurma, domin ko dutse ka jefa ba ka jin saukarsa. Hoton sama ya nuna kogin ya fi matsowa kusa da doron ƙasa a daidai nan. Arzika ya kakkafa ƙusoshin ƙarfe a ƙasa, ya haɗa su da waya zuwa na'urar sauraron ƙasa. Aikinta shi ne, a buga ƙasa da guduma, ƙarar ta nutsa, ta dawo, na'urar ta zana abin da ƙarar ta taras a hanya. Ya miƙa wa Kawu guduma.

Kawu bai ko ɗaga ta ba, sai zanen na'ura ya yi tsalle. Ya tsaya. Ya sake yin tsalle, a jere, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Kawu ya ajiye guduma. "Ɗan Yaya, ni fa ban buga ba."

"Na gani, Kawu."

"To in ni ban buga daga sama ba, wa ya buga daga ƙasa? Ka naɗe wayoyinka mu tafi. Ruwa ba ya sallama."

Arzika ya ce sai ya kai ƙusa ɗaya gindin rijiyar ya ji da kyau. Kawu ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya ya ɗaura masa igiya a ƙugu yana gunaguni, ya kira maza biyu suka riƙe. Hantsi ne, rana ta ɗaga. Arzika ya rataya tocila ya sauka. Hasken bakin rijiya ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar ƙwayar gero. Ƙafarsa ta taɓa busasshiyar laka, ya yi bisimilla ya tsaya. Sai lakar ta buɗe kamar baki. Igiya ta tsinke.

Bai san iya faɗuwar da ya yi ba. Ya dai farka a kan wani yashi mai sanyi, sama da shi rufin dutse ne, farin gishiri ya lulluɓe shi yana ba da haske kamar na farin wata. A gabansa ga kogin. Baƙi ne wuluk, yana tafiya ba ƙara ko kaɗan. A cikinsa kifaye suna iyo, da kadoji, da dorina, dukansu ƙashi ne zalla babu tsoka. A bakin gaɓa kuma ga wasu ginshiƙan gishiri a jere, tsayin mutum. Da ya matsa ya haska, sai ya ga kowanne yana da fuska, wasu da guga a hannu, wasu da dagi. Masu haƙar rijiya ne na zamanai daban-daban, waɗanda aka ce rijiya ta rufta da su.

Wani kwalekwale ya zo ya tsaya. Mai tuƙa shi dogo ne, jikinsa ɗanyen yumɓu, gemunsa irin na tarwaɗa, idanunsa farare ba baƙi a ciki.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, kai ne mai kafa mana ƙusa a rufin ɗaki?"

Arzika ya durƙusa. "Ni ne, ranka ya daɗe. Ban san da masu gida ba. A gafarce ni."

"Ni ne Sarkin Fito na wannan kogi. Mun ƙwanƙwasa maka don ka bari, sai ka ɗauka kira ne. Me kake nema?"

"Ruwa. Garinmu ya ƙafe, mahaifiyata tana ciki, ta ce ba ta tashi."

"Ruwa ba nawa ba ne, na Magajiya ne, kuma birninta yana da nisa. Kafin ka taka jirgina, faɗa mini, a garinku in ka shiga zaure wa kake fara gaisarwa?"

"Babba."

"To ga zaure."

Ya jera ƙore uku a kan yashi, kowace cike da ruwa, kala ɗaya, ba bambanci a ido. Ya ce, "Ɗaya jika ne, ɗaya uba, ɗaya kaka. Gaida babba. In ka gaida yaro ka bar kakansa, ga 'yan'uwanka nan a tsaye, akwai wuri a kusa da su."

A wurin aikinsu, in ana son sanin shekarun ruwa, na'ura ake sawa ta auna iskar da ta narke a cikinsa. Nan ba na'ura, sai hanci da harshe. Ya ɗanɗana ta farko, ya ji daɗi da ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Wannan bai daɗe da rabuwa da sama ba. Ta biyu sanyi gare ta, da ɗan ɗanɗanon kanwa. Ta uku kuwa da ɗumi, da nauyi a harshe, ga gishiri ga ɗaci, ba ƙamshin komai, wasu ƙananan kumfa suna tashi daga gindinta. Ya san ruwa ba ya kwasar wannan gishirin sai ya daɗe kwance da dutse, daɗewar da ta sa ya manta da iska. Ya cire takalmansa, ya durƙusa gaban ƙwarya ta uku, ya ce, "Barka da hutawa, Kaka. Mun same ku lafiya?"

Ruwan ya motsa da kansa, kamar tsoho ya gyaɗa kai.

Sarkin Fito ya ce, "An yi maka tarbiyya. Shigo."

Suka bi kogi. Ba a jima ba ruwan ya karkata ya fara gangarawa cikin ƙasa, jirgi yana binsa kamar an sake shi daga tudu. Sanyi ya ƙare, zafi ya fara. Hasken gishiri ya ɓace, wani shuɗin haske ya maye gurbinsa. Sarkin Fito ya tsayar da jirgi ya ce, "Nan iyakata. Wannan ita ce Ƙasar Shuɗin Dutse. Ka ratsa ta da ƙafarka. Abu ɗaya zan gaya maka, kada harshenka ya taɓa komai."

Arzika ya taɓa karantawa cewa can cikin ƙasa akwai wani shuɗin dutse da ke riƙe da ruwa a jikinsa, har masana na cewa mai yiwuwa in an tara shi ya kai na teku. Su 'yar ƙwaya kawai suka taɓa gani, maƙale a cikin lu'ulu'u. Shi ga shi yau a tsakiyar duwatsunsa, tsauni bayan tsauni. A cikin kowane dutse yana ganin ruwa yana kai da kawowa, amma ko ɗigo ba ya fita.

Ga nauyi. Duk ƙasar da ke sama ta taru ta zauna masa a wuya. Ya fara da tafiya a tsaye, ya koma a sunkuye, ya koma rarrafe. Tocilarsa ta lotse kamar gwangwanin da mota ta taka. Maƙogwaronsa ya bushe, harshensa ya kumbura har ya cika masa baki.

Sai ga mazauna wurin sun fito. Faɗi gare su kamar faifai, ba kauri, nauyin ƙasa ya daɗe da shimfiɗe su. Suna tafiya a gefensa suna magana da murya mai taushi.

"Sannu baƙo, sannu da wahala. Ga ruwa a gabanka kana mutuwa da ƙishi? Lasa kawai. Ba sha za ka yi ba, lasa ce."

Ya juya kai ya dubi dutsen da ke kusa da kuncinsa. Sanyi yake fitarwa, jikinsa kamar da raɓa. Har ya buɗe baki. A nan ya ga wata fuska a cikin dutsen, ta wani mutum, harshensa a waje, idanunsa a buɗe, suna bin Arzika da kallo. Da rai yake. Arzika ya cusa gefen rigarsa a baki ya cije, ya rufe ido, ya ci gaba da jan ciki. Suka bi shi suna roƙo, suka koma zagi, suka koma kuka kamar jarirai. Bai buɗe ido ba sai da ya ji nauyin ya sauka daga bayansa. Da ya shafa gwiwoyinsa, ba fata. Faratansa duk sun zube a hanya.

Ya ɗaga kai ya ga ganuwar birni, da ƙofofi biyu. A tsakaninsu wani baƙin dutse ne zaune, girman rumbu, jikinsa a ƙone, da lotsa-lotsa kamar an danna yatsu a cikin tuwo. Arzika yana ganinsa ya gane irinsa. Dutsen sama ne, irin wanda ke faɗowa da wuta.

Dutsen ya yi magana, muryarsa kamar ana jan ƙarfe a kan ƙarfe. "Ya kai mai jini a gwiwa, ni ne Baƙon Sama, mai gadin ƙofa. Ni ma ba ɗan nan ba ne. Mun zo da yawa, lokacin duniya tana jaririya, kowannenmu da ɗan ruwa a cikinsa. Da Mai Sama ya yi nufin shayar da ita, mu ya aiko."

Duk da azabar da yake ciki, sai da Arzika ya matso kusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, malamanmu sun daɗe suna gardama a kan wannan magana."

"Na san kai mai son sani ne, na ji ƙamshinsa a jikinka. To duba. Ƙofar dama ta fadar Magajiya ce, can ake roƙon ruwa. Ƙofar hagu tana kaiwa ga zuciyar duniya, tekun narkakken ƙarfe da ke juyawa, wanda shi ke riƙe da gabas da yamma, yake nuna wa allurar matafiya arewa. Ba ɗan Adam da ya taɓa ganinsa. In ka shiga, ba abin da zai ƙone ka, kuma duk tambayar da ka kwana da ita tun kana yaro za ka ga amsarta da idonka. Sai dai ƙofa ɗaya ake ba baƙo."

Dutsen ya ɗan buɗe ta hagu. Wani jan haske ya fito, da wani rugugi mai zurfi, mai daɗin ji. Duk rayuwar Arzika wannan rugugin yake bi da na'ura, yana samun ɓurɓushinsa. Sai ya ga ƙafarsa ta ɗaga da kanta ta nufi hagu. Ya yi taku, ya ƙara. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka kamar yaro, domin ya san ba za a sake buɗe masa ita ba har abada.

Ya ce, "In na shiga, yaushe zan fito?"

"Lokacin da ka ƙoshi."

"Ba zan ƙoshi ba. Rufe ta, don Allah, rufe ta kafin in sake dubawa."

Ya juya ya shiga ta dama.

Birnin shiru ne. Gidaje na farin dutse, tituna na ruwa, amma da yawa daga titunan sun ƙafe, gidajen bakinsu ba kowa. A fada ya tarar da Magajiya, tsohuwa tukuf, tana zaune a kan turmin dutse. Gashin kanta ƙoramu ne, suna zuba ta kafaɗunta suna bin ƙasa. Ta gefen hagu gashin ya zube, fatar kan a tsage kamar gindin tafki da rani.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. Ta bar shi a durƙushe har sai da ya ji jiri.

Ta ce, "Ɗan Adam, ka ga unguwannin da ka ratso?"

"Na gani, ranki ya daɗe."

"'Ya'yana ne a cikinsu a da. Danginka na wasu garuruwa suka huda rufi da dogon ƙarfe, suka sa inji yana tsotsa dare da rana. Ka san ruwan nan daga ina yake?"

"Na sani. Ruwan sama ne da ya sauka lokacin da hamada take kore, tana da tafkuna da kifi. Tun da ta bushe ba a ƙara ba."

"Wato ka san abin da aka ɗiba ba ya dawowa."

"Na sani."

"Ka sani, kuma ka zo roƙo. In na ba ka, gobe ka kai labari birni, jibi a zo da inji."

Arzika ya san gaskiya ta faɗa, haka ake yi. Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, ban zo da hujja ba. Tsohuwa gare ni a sama, ta ba ni ruwan shanta na yini, ko kallona ba ta yi ba. In kin hana, ba ki yi zalunci ba. In kin bayar, rijiya ɗaya ta ishe mu."

Magajiya ta dube shi da kyau, ta dubi gwiwoyinsa da yatsunsa.

Ta ce, "Rijiya ɗaya. Kurma za ta kawo ruwa, amma da guga da igiya, abin da hannu zai iya ja. Ranar da aka sa mata inji, ranar za ta koma kurmarta. Wannan na bayar, ba ya tashi, ko ka fita ko ba ka fita ba."

Arzika ya ce, "Ko ban fita ba?"

"Ƙofar ƙasa daga waje ake buɗe ta. Ga matakala nan za ta kai ka gindin Kurma. Sai wani mai rai ya kira ka daga bakin rijiya, kai kuma ka amsa, sannan dutse ya ba ka hanya. Amma a matakalar akwai Masu Aron Murya. Ba bayina ba ne, ba na iya hana su. In ka amsa wa ɗayansu, za ka zama murya a cikinsu. In kuma na gaskiya ya kira har sau uku ka yi shiru, ƙasa za ta ɗauka ba ka da kowa a sama, ta rufe."

"Ta yaya zan bambance?"

"Kai ka san mutanenka. Ni ban san su ba."

Ya yi godiya ya kama hawa.

Duhu ne wanda ko tafin hannu ba a gani. Yana hawa da hannu da gwiwa, yana jin wani siririn ruwa yana bin gefen matakala, yana hawa tare da shi. Wannan ya ƙarfafa masa zuciya. Ya yi ta hawa har ya daina jin ƙafafunsa.

Sai ya ji murya daga sama. "Arzika, ɗana, miƙo hannu in ja ka."

Muryar mahaifinsa ce, har da ɗan tarin da yake yi kafin magana. Hawaye suka zubo masa. Amma shi da hannunsa ya sa mahaifinsa a kabari, kuma marigayin bai taɓa ce masa Arzika ba, Na-Kaka yake ce masa. Ya cije leɓe ya wuce. Muryar ta rikiɗe ta zama dariya, ta gangara ƙasa.

Ya ƙara hawa. Wata muryar ta taso, da ƙarfi, da haki. "Dakta! Dakta Arzika! Kana ji na? Ga igiya nan mun sako!"

Kawu Jatau ne sak. Har bakinsa ya buɗe zai ce na'am, sai ya tsaya. Yaushe Kawu ya taɓa ce masa Dakta? Ko ranar da ya dawo da takardar digiri, cewa ya yi, Ɗan Yaya an zama bature. Arzika ya haɗiye amsarsa. Muryar ta yi tsaki ta ɓace.

A nan ya ji hankalinsa ya kwanta. Ya gano su. Suna iya satar murya, amma ba su san yadda mutanen gida ke kiran juna ba. Abin da zai jira kawai shi ne ya ji an ce Ɗan Yaya, ko baƙon birni.

Kansa ya bugi dutse. Matakala ta ƙare. Ta wata 'yar tsaga ya hango haske can sama, ƙanƙane, hasken rana na gaske. Ya zauna ya kasa kunne.

Sai ya ji muryar mace, tsohuwa, a dushe, tana rawa.

"Arzika."

Ya ɗaga kai. Muryar Inna ce. Bai taɓa jin sunansa a cikinta ba, sai ya ji kamar sunan wani ne. Ya ce a ransa, kai, la'anannun nan ba su da kunya. Sun rasa wadda za su ara sai wadda ko a mafarki ba za ta faɗi wannan suna ba.

"Arzika! Ka ji ni?"

Ya toshe bakinsa da hannu biyu. Zuciyarsa tana cewa amsa, hankalinsa yana cewa ka ga yadda suka yi da Baba, ka ga yadda suka yi da Kawu. Inna ce fa. Matar da in za ta ba shi ruwa sai ta tura da ƙafa. Ko gari zai tashi, cewa za ta yi, Jatau, kira shi.

Sannan muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa, ba ƙarfi a cikinta.

"Arzika, ɗana na fari. Ni ce. Amsa mini mana."

Ya dunƙule, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi, ya jira dariyar da ke biyo baya.

Ba a yi dariya ba. Abin da ya ji shi ne ƙarar dutse yana hawa kan dutse. Ɗan hasken nan ya tsuke, ya tsuke, ya mutu. Siririn ruwan da ya rako shi ya sami hanyarsa ta cikin tsaga ya wuce sama, shi kaɗai.

Wani farin haske ya taso daga ƙasa. Ya waiga, sai ga kogi ya biyo matakala har kusa da ƙafarsa, Sarkin Fito yana tsaye a cikin jirgi.

Arzika ya ce, "Ban amsa ba. Duka ukun ban amsa musu ba. Me ya sa aka rufe?"

Sarkin Fito ya ce, "Masu Aron Murya biyu ne a wannan matakala."

Arzika ya dube shi.

"Tafiyar da ka yi a ƙasa, kwanaki ne masu yawa a sama. Kawunka ya kira har muryarsa ta mutu, suka haƙa har suka gaji, suka yi maka salla, suka watse. Ita ce ba ta tashi daga bakin rijiya ba. Kullum tana leƙowa tana cewa, kai wannan, kai baƙon birni, amma a lokacin kana nesa, ba ka ji ba. Yau ta duba gabas da yamma, ta ga ba kowa. Ta daɗe tana gwada sunan a bakinta kafin ya fito."

Arzika ya miƙe ya manna bakinsa a jikin dutse.

"Na'am! Inna, na'am! Ga ni nan! Na'am!"

Dutse bai mayar masa da ko amsa-kuwwa ba. Ya buga da hannu, ya buga da kai, yana ta amsawa. A can sama kuwa ruwa ya riga ya fara taruwa a gindin Kurma, mai ɗumi, yana hawa a hankali zuwa inda wata tsohuwa ke zaune ta leƙo da kanta.

Sarkin Fito bai hana shi ba. Ya bar shi ya yi ta amsa kiran har muryarsa ta ƙare. Sannan ya matsa gefe, ya yi masa wurin zama a cikin jirgi.